Ilimin da ake binnewa tare da mai shi

Bara mun yi rashin ma'ajin Islamiyyar unguwarmu, Allah Ya jiƙansa. Da muka zauna don miƙa aikinsa ga wani, littafin kuɗi yana nan, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Amma waɗanne marayu ake yafe wa kuɗin wata? Ina iyakar filin da aka ba mu wakafi? Yaya yake lallashin malami idan albashi ya makara? Duk yana cikin kansa, kuma mun binne shi da shi.

Tun ranar nake tambayar kaina: abin da mutum ya sani a bakin aikin jama'a, nasa ne ko na jama'a?

A ganina ilimin kowace ƙungiya iri uku ne. Akwai rubutacce, kamar tsarin mulki da littafin kuɗi. Akwai wanda ke cikin kai amma zai rubutu in an so, kamar iyakar fili. Akwai kuma wanda alƙalami ba ya iya ɗauka, sai an zauna da gwani an ga yadda yake yi.

Magabata sun gane wannan. Da aka kashe mahaddata da yawa a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar ya ji tsoro, ya ba Sayyidina Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri guda. Aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin, ya haɗo shi daga abin da aka rubuta da abin da ke ƙirazan mutane. Takardun suka zauna wurin Abubakar, sannan Umar, sannan Nana Hafsa, daga gare su aka kwafi mushafai a zamanin Sayyidina Usman. Amma duk da rubutun, har gobe ba a koyon ƙira'a sai daga bakin malami. Abin rubutawa sun rubuta, na baki sun raya shi da isnadi.

Kamfanonin zamani ma da wahala suka koyi darasin. A 1985 kamfanin Matsushita na Japan yana ƙera injin burodi na gida, burodin ya ƙi yin kyau. Sai da wata ma'aikaciyarsu ta je ta zama almajirar babban mai burodi a wani otal a Osaka, ta lura yana murɗa ƙullin yayin da yake jan sa. Shi kansa bai taɓa faɗa ba, hannunsa ne ya sani.

To laifin wa? Wani da gangan yake ɓoyewa, don a ce in ba shi ba aiki ba ya tafiya. Wannan cin amana ne, domin da kujerar jama'a ya samu sanin. Amma ma'ajinmu ba haka yake ba. Mu ne ba mu taɓa tambayarsa ba, ba mu haɗa shi da mataimaki ba. Mun ji daɗin hutu, muka kira shi yarda.

Wani zai ce ai akwai sirri, sunan maraya ba na allon sanarwa ba ne. Gaskiya ne. Sai dai rufin asiri daban, riƙewa kai kaɗai daban. Sirrin da amintattu biyu suka sani bai tonu ba, kuma ba zai mutu dare ɗaya ba.

Ɗan uwa, in kana riƙe da aikin masallaci, makaranta ko ofis, tambayi kanka: in na kwanta yau ban tashi ba, me zai tsaya? Abin da zai rubutu, rubuta shi makon nan. Wanda ba zai rubutu ba, jawo yaro kusa ya gani.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, Ya sa mu cika da imani.