Nasiha Ga Mai Sito: Ka Dubi Abin Da Motar Ɗaga Kayanka Ke Sha

Tunda harka ta buɗe har ka fara tunanin sayen motar ɗaga kaya, wadda ma'aikata ke kira fokilif, to zauna ka saurare ni. Yawancin masu saye nauyin da mota ke ɗagawa suke tambaya, sai kuma farashinta. Kaɗan ne ke tambayar abin da take sha. Alhali kuɗin mota sau ɗaya za ka biya, na mai kuwa kullum ne, kuma hayaƙin da take fitarwa yaranka ne za su shaƙa tun safe har magariba.

Akwai mai shan dizal, akwai mai shan fetur, akwai mai batir, akwai kuma mai aiki da gas ɗin furofen, ɗan uwan gas ɗin girki. Idan aikinka na shiga da fita ne, a sauke tirela a tsakar fili a shigar da kaya cikin sito, irin yadda ake yi a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, to shawarata ka ɗauki mai furofen.

Dalilin farko lafiyar mutanenka. Shiga siton da motar dizal ta wuni a ciki, ka shafa yatsa a kan buhu ko kwali, ka ga baƙin da zai biyo hannunka. Wannan baƙin shi ne ke sauka a ƙirjin direba da leburori. Tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Furofen kuwa a matsayin iska yake shiga inji, ya ƙone tas, kusan babu toka. Yaron da ya bar gidansu ya zo neman halal a wurinka amana ne a wuyanka, kuma za a tambaye ka.

Na biyu shi ne lokaci. Tukunyar fokilif da aka fi amfani da ita tana ɗaukar kimanin kilo 15, tana kuma kai mota wajen awa 8 tana aiki. In ta ƙare, a kashe inji, a kwance ta, a ɗora wata, cikin 'yan mintuna an koma bakin aiki. Ƙarfin motar ba ya raguwa don tukunya ta kusa ƙarewa. Mai tsohon samfurin batir kuwa, in ta yi awa 8 tana aiki, sai ta yi kamar haka a caji, sannan a jira batirin ya huce. Ka kuma san halin wutar lantarkinmu. Ranar da tireloli uku suka yi layi a ƙofarka, direbobi suna ta ƙorafi, ga mota a jone babu wuta, ranar za ka gane abin da nake faɗa maka.

Na uku shi ne inji da aljihunka. Da yake furofen ba ya barin dauɗa sosai, baƙin mai yakan daɗe bai gurɓace ba, fulogi ma haka. Ba ya lalacewa don ya daɗe a ajiye kamar fetur, ba ya malala a ƙasa ya ɓata kaya, ba a kuma zuƙe shi da tiyo a zuba a jarka da dare. Sai dai kada a yaudare ka da farashin lita. Litar furofen ba ta kai ta dizal ƙarfi ba, don haka ka yi lissafinka a kan kuɗin awa guda ta aiki, ka haɗa da gyara da juye. Kafin ka biya kuɗin mota kuma, ka samu dillalin gas mai lasisi wanda zai riƙa kawo maka ba yankewa, ka tambaye shi ainihin abin da ke cikin gas ɗinsa, domin na girki galibi gauraye yake da butan.

Ba na ce furofen ya fi a ko'ina ba. A ɗakin sanyi da duk inda yake rufe ruf, mai batir ce daidai. Wajen ɗaga kwantena a tashar ruwa, har gobe dizal ne sarki.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai. Injin furofen yana fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Ka bar ƙofofi da tagogi a buɗe, kada a bar inji yana ta gurnani a tsaye cikin tirela ko lungun sito, makaniki kuma ya riƙa duba saitinsa. In direba ya ce kansa na ciwo ko yana ganin jiri, kada ka ce lalaci ne. Fitar da shi sarari, ka kashe motar.

Shi kansa furofen ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa ya bi rami da kwata. Saboda haka tukwane a waje ake ajiye su, cikin kejin ƙarfe mai shan iska, a inuwa, nesa da mai walda da mai shayi da mai busa sigari. Ba a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin ɗari, don ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi, kai kuwa ka san ranar Afrilu a ƙasar nan. Kada ka yarda wani ya ɗaura maka tukunyar girki a bayan mota don neman sauƙi. Ta fokilif daban aka ƙera ta, ruwan gas take bayarwa, tana kuma da ramin da wani ɗan ƙarfe na mazauninta ke shiga domin bawul ɗin rage matsi ya kalli sama. Araha ba ta ado.

Mai canja tukunya ya sa safar hannu da tabarau, domin ruwan furofen a ma'aunin sanyi 42 ƙasa da sifili yake tafasa, in ya taɓa fata sai ya ƙona ta. Ya rufe bawul, ya bar inji ya shanye abin da ya rage a tiyo har ya mutu da kansa, sannan ya kwance. In ya ɗaura sabuwa ya buɗe a hankali, ya saurara, ya shinshina, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa. In kumfa ta taso, a rufe. Ashana ba abin gwada gas ba ce.

Ɗana, furofen zai rage maka hayaƙi, ya rage maka zaman jira, amma sai ka ba shi haƙƙinsa. Ka koya wa direbanka kafin ka miƙa masa makulli, ka rataye abin kashe gobara inda hannu zai kai, ka riƙa zagawa da kanka kana dubawa. Allah ya sa albarka a neman, ya mai da kowane ma'aikacinka gida lafiya.