Harafin da ya ɓace a bayan gilashi

A Pari har yanzu akwai tsofaffin gidajen burodi masu allunan gilashi a bakin ƙofa, tun na ƙarshen ƙarni na 19: mai girbin alkama, injin niƙa, sunan shago da ruwan zinariya. Fentin a bayan gilashin yake. Mai zane a juye yake aiki, haruffansa kamar a madubi, kuma abin da ido zai fara gani shi ake fara shafawa: layin harafi, sannan zinariya, a ƙarshe launin da ke rufe baya. Ƴan Sanagal ma sun iya wannan sana'a, suwer suke ce mata.

Damshi da zafi su ne abokan gabarta. Fenti ya saki gilashi, ya ɓamɓare, ya zube. Inda ya saki kawai, masu gyara na ɗiga masa gam irin Paraloid B-72, wanda ana iya narkar da shi daga baya. Nan babu gardama. Gardamar tana inda harafi ya tafi ɗungum. Mai gyara na da haƙƙin mayar da shi?

Mai shago ko mai tara kayan da zai ce sosai ma, kuma ban raina hujjarsa ba. An yi allon talla don ya kira mutane. Allon da ba ya karantuwa kamar sanƙira ne da muryarsa ta dushe. In BOULANG RIE ya rage, ko ɗan firamare ya san E ce ta faɗi. Ƙin mayar da ita tsabar iyayi ne.

To amma ba kowane giɓi ne ke da sauƙi haka ba. In sunan mai shago ne ya cinye rabi fa? Ko farashi, ko lambar gida? Shagon ya rufe tuntuni, allon ya daina sayar da komi, yanzu shaida yake bayarwa: yadda ake rubutu a lokacin, abin da ake ci, nawa ake biya. Mu ƴan ilimin harshe mun san wannan matsala. In muna kwafe tsohuwar takardar ajami da gara ta ci, harafin da muka cinta muna sa shi cikin baka, don mai karatu ya bambance na malam da namu. Kuma in ka ga "Tchadoua" a tsohon rubutu ka mayar da shi "Cadawa" don wai haka ne daidai, ka share hannun Bafaranshen da ya rubuta, alhali shi ma tarihi ne. Yarjejeniyar Fenis ta 1964, ko da yake a kan gine-gine take, ta tsaya a kan cewa gyara ya ƙare inda zato ya fara, abin da aka ƙara kuma ya zama ana gane shi.

Gilashi ya ƙara tsananta lamarin. Fentin da ka shafa cikin giɓin daga baya zai fito fes a gaba, kafaɗa da kafaɗa da na asali, ƙyallin gilashi ɗaya ya lulluɓe su, mai wucewa ba ya da yadda zai raba su. Wallahi ƙarya ba ta taɓa samun wuri mai daɗi irin wannan ba.

Shi ya sa na fi yarda da dabarar da wasu masu gyara ke bi: su zana abin da ya ɓace a wata takarda ko wani allo dabam, su jingina shi a baya. Daga titi allon na karantuwa, mai shago ya samu biyan bukata. Wanda ya buɗe firam kuma zai tarar da faifai biyu, in wata rana tsohon hoton shagon ya fito ya nuna sunan ba haka yake ba, sai a zare takardar a zana wata.