Sarƙar Keke ta Zame a Kan Tudu: A Jira ko a Wuce?

A garin Cesenatico, wanda ke bakin teku a ƙasar Italiya, akwai wani tseren keke da ake kira Nove Colli, wato tuddai tara. An soma shi a shekarar 1971, kuma yawanci a watan Mayu ake yinsa. Dubban mutane sukan taru tun da asuba, su yi tafiyar kimanin kilomita 200 a hanyoyin karkara, suna hawa suna gangarawa tsakanin gonaki da ƙananan ƙauyuka. Akasarinsu ba da keke suke ci da iyali ba. Akwai malamin makaranta, akwai makaniki, akwai dattijon da ya yi ritaya. Su ne ma suke biyan kuɗin shiga, abin da yawancinsu ke komawa gida da shi kuwa bai wuce lambar tunawa da tsamin cinya ba.

Tudu na huɗu, mai suna Barbotto, shi ne wanda mahaya suka fi tsoro, domin kusa da ƙarshensa hanyar tana miƙewa har ta kai tashin mita 18 a cikin kowace mita 100. A ɗauka cewa mahaya biyu, waɗanda ba su taɓa sanin juna ba, sun iso nan tare bayan sun yi awa biyu suna tafiya ɗaya a bayan ɗaya. Na gaba ya sauya giya, sai sarƙarsa ta zame, dole ya sa ƙafa ƙasa. Gyaran ba zai ci rabin minti ba, amma tashi daga tsaye a irin wannan wuri wahala ce babba. Shin na bayan ya taka feda ya wuce, ko ya sassauta ya jira?

Dokar tsere ba ta ce ya jira ba. Na'urar da ke ɗaure a kekensa lokaci kawai take ƙirgawa, ba ruwanta da dalilin jinkiri. In ya wuce, babu alƙalin da zai tuhume shi. Saboda haka maganar ta fita daga hannun doka, ta koma hannun lamiri.

Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san abin da ya gudana a awa biyun nan. Babban abokin gāban mai keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya shi ne iska. Wanda ya laɓe dab da tayar bayan wani yana iya rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe. Shi ya sa mahaya suke yin karɓa-karɓa: wannan ya tsaga iska na ɗan lokaci, ya kauce, wancan ya karɓa. Ba a rubuta yarjejeniya, sau da yawa ko harshen juna ba sa ji, gwiwar hannu kawai ake kaɗawa a ce “zo ka karɓa.” Ke nan abokan hamayya ne, amma kowannensu ya iso gindin tudun da sauran ƙarfin da ɗan'uwansa ya tanadar masa. A wannan wasa mutum yakan ci gumin wanda yake so ya kayar, abin da ba kasafai ake gani a gudun ƙafa ko dambe ba.

Ƙwararru sun daɗe suna fama da wannan tambaya a gaban idon duniya. A gasar Tour de France ta 2001, Jan Ullrich na Jamus ya kauce daga hanya a gangaren Peyresourde ya faɗi, Lance Armstrong na Amurka ya sassauta har ya kamo shi. A 2003 reshe ya juya da mujiya. A hawan Luz Ardiden, igiyar jakar wani ɗan kallo ta maƙale a kan keken Armstrong, ya sha ƙasa. Daƙiƙa 15 kacal ke tsakaninsu a jimillar lokaci, amma Ullrich da sauran na gaba suka rage gudu. Armstrong ya tashi, ya kamo su, ya wuce su, ya ci tseren ranar, aka gama gasar yana gaba da daƙiƙa 61. Ullrich bai sake kusantar kambun kamar haka ba.

A 2010 aka ga akasin haka. A hawan Port de Balès sarƙar Andy Schleck ta zame yana sanye da rawayar rigar jagora. Alberto Contador na Sifen bai jira ba. Ya ci ribar daƙiƙa 39 a ranar, 'yan kallo suka yi masa ihu sa'ad da aka sa masa rigar, har ya fito daga baya ya ba da haƙuri. Da aka kammala gasar a Paris, tazarar da ya ci da ita daƙiƙa 39 ce daidai.

Masu kare Contador suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa sauya giya a daidai lokaci yana cikin gwanintar da ake gwadawa, kamar yadda ƙarfin ƙafa yake ciki. Wanda ya kula da kekensa, ya sa wa sarƙa mai, ya duba birki da taya kafin ya kwanta, me zai sa a hana shi ladan kulawarsa? Sa'annan kuma tsere ba na mutum biyu ba ne. In ka jira wannan, na uku da na huɗu suna tafe, su ba su yi wa kowa alkawari ba. Akwai kuma wata magana mai ɗaci: jira yakan yi sauƙi ga wanda ba ya tsoron asara. A 2022 Jonas Vingegaard ya jira Tadej Pogačar bayan ya faɗi a gangaren Spandelles, suka yi musabaha a kan kekuna, duniya ta yaba. Abin yabo ne kuwa. Amma yana gaba da fiye da minti biyu a lokacin, ba kamar Ullrich da daƙiƙa 15 suka raba shi da rigar ba.

Duk da haka, hujjar ba ta rufe kowace ƙofa ba, don tsautsayi iri-iri ne. In mutum ya faɗi ya ji ciwo a kwanar da babu kowa, zancen tsere ya ƙare. Wannan mutumin da ke kwance a bakin hanya ne, irin wanda Basamariye ya tarar a hanyar Yariko, kuma babu matsayin da ya kai a bar shi. In kuwa kuskuren hannunsa ne, a ƙarshen tsere, kowa na neman layi, ba a ga laifin wanda ya wuce ba. Wurin da ke da wuya shi ne tsakiya: ba rauni, ba kuma ƙarshen tsere ba, mutum ne da ya kare ka daga iska kilomita da yawa. A nan wucewa tana kama da cin tuwo tare da mutum, sa'annan a janye kwanon da zarar ya juya zai sha ruwa. Doka ta yarda, amma bashin iskar nan bai biyu ba.

Sai dai labarin ƙwararrun yana da wutsiya. A 2012 aka ƙwace wa Armstrong kambunansa bakwai na 1999 zuwa 2005 saboda amfani da haramtattun magunguna, ya kuma amsa da bakinsa a 2013. Ullrich shi ma ya amsa a shekarar cewa an yi masa ƙarin jini ta haramtacciyar hanya. Contador ya rasa kambun 2010 a watan Fabrairun 2012 saboda wani sinadari da aka samu a jikinsa, aka ba Schleck. Ashe mutum yana iya jiran abokin hamayya a gaban kyamara, alhali ya riga ya cuce shi a ɗaki tun da dare. Kada kuma a ɗauka kuɗi ne kaɗai ke jawo wannan. A tseren 'yan sha'awa na Gran Fondo New York na 2012, an kama mahaya biyu da maganin ƙara jini da ake kira EPO, mutanen da ba albashi suke karɓa a kan keke ba. Son a ce “shi ne” ya isa.

Wannan ne ya sa halin mahayin Barbotto ya fi na ƙwararru bayyana gaskiyar mutum. Ba kyamara a kansa, ba manaja a rediyo, ba jaridar da za ta yabe shi ko ta zarge shi gobe. In ya jira, zai sauka daga na ɗari uku da wani abu zuwa ƙasa kaɗan, a jerin da iyalinsa kaɗai za su duba. Mai yiwuwa ne ma wanda ya jira ɗin ya tsere masa a tudu na tara, kamar yadda aka yi wa Ullrich, ba tare da waiwaye ba. In ya wuce, zai isa ƙwanƙolin tudun shi kaɗai, da sauran tuddai biyar a gabansa, da doguwar hanya zuwa bakin teku wadda zai tsaga iskarta ba mai karɓarsa.