Kafin Ka Miƙa Kuɗin Duba

Ɗana, 'yata, ku matso in gaya muku abin da ya daɗe yana ci mini rai. A garin nan namu na Gombe, daga Jekadafari zuwa Bolari, daga Pantami zuwa Tudun Wada, ba a rasa gidan mai duba. Wani bugun ƙasa yake yi, wani ya ce aljanu ke kawo masa labari, wani kuma ya laƙaba wa sana'arsa sunan istihara don a ji nauyin musa masa. Yanzu ma ba sai an taka ba: ka tura sunanka da na mahaifiyarka ta WhatsApp, ka haɗa da kafin alƙalami, amsa ta zo maka a saƙon murya.

Ku lura da yadda zaman yake. Mace ta shiga, ta zauna a bakin tabarma. Shi kuwa ya baje yashi a faifai, ya ɗiga yatsu, ya shafe, ya yi shiru, ya girgiza kai. Can sai ya ce: "Baiwar Allah, kina da farin jini, amma akwai mai baƙin ciki da ke, kuma ba bare ba ce. Na ga tafiya. Na ga alheri tafe, sai dai an tare shi." Hawaye ya zubo mata, ta ce wallahi kamar a gidanmu yake kwana. To wace ce ba ta taɓa saɓawa da kishiya ko facala ko dangin miji ba? Wa ba ya jiran wani alheri da ya yi jinkiri? Tafiya kuwa, zuwa Kumo tafiya ce, zuwa Makka ma tafiya ce. Babbar riga ce aka ɗinka ta yadda za ta shiga kowa. Kuma ita ce ta cike masa giɓin da bakinta. Da ya ce ba bare ba ce, ita ta ce, "Ko gwaggo ce?" Shi dai ya ce, "Ke kika faɗa." Labarin da ta shigo da shi ya sayar mata, ta fita ta yanke zumuncin shekara talatin da baiwar Allahn da ba ta ji ba, ba ta gani ba.

Kada ku ɗauka jahilci ne kawai ke jawo wannan. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 tambayoyi su amsa, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya nemi su ba bayanin maki daga 0 zuwa 5, gwargwadon yadda ya dace da su. Matsakaicin makin ya haura 4. Ashe takarda iri ɗaya ya raba musu, jimlolin ma daga wani littafin duban taurari ya tsinto su. Haka zuciya take: in aka ba ta magana mai faɗi, ita ke nemo abin da zai cika ta.

Sannan ga halinmu na mantuwa. Mai duba zai faɗi abu ashirin, ɗaya ya zo daidai, faɗuwa ta zo daidai da zama, sai a yi ta yawo da ɗayan nan gida-gida. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya riga ya bayyana cewa boka kan cuɗa gaskiya ɗaya da ƙarya ɗari. In abu bai faru ba kuwa, ƙofar fita a buɗe take: ba ka cika sadakar ba, ko maƙiya sun riga mu, ko addu'arsa ce ta kawar da masifar. Wanda ya kuskura ya faɗi magana ƙarara shi ake kamawa. A Nuwamban 2016 fitaccen faston nan na Legas, T.B. Joshua, ya ce mace ce za ta ci zaɓen Amurka. Donald Trump ya ci. Shi ya sa gwanayen sana'ar ba sa wuce "wani babban mutum zai rasu a bana", alhali ba a taɓa shekarar da babban mutum bai rasu ba.

Mu mutanen Gombe bai kamata a koya mana wannan darasi ba. Ga Dutsen Bima can wajen Dadin Kowa, wanda aka daɗe ana cewa a nan Mahadi zai bayyana. Ba ina musun abin da malamai suka karantar game da Mahadi ba ne. Abin da nake ja muku kunne a kai shi ne masu yanka rana da masu nuna mutum. An sa rai a shekarar 1200 ta Hijira, ta wuce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da jama'a suka fara raɗe-raɗin ko shi ne, ya rubuta ƙarara cewa ba shi ba ne. Gab da 1300, wato a 1881, Muhammad Ahmad ya yi da'awar shi ne Mahadi a Sudan, guguwar ta iso har nan: Malam Jibrilla Gaini ya kafa sansani a Burmi, aka gwabza, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a 1888. Musulmi ne a wannan gefe, Musulmi ne a wancan. Ranar farko ta 1400, 20 ga Nuwamba 1979, Juhaiman da mutanensa suka kame Masallacin Harami saboda mafarke-mafarken da suka ce sun nuna surukinsa ne Mahadi. Aka yi mako biyu ana ɓarin wuta a wuri mafi alfarma, ɗaruruwa suka mutu, har da wanda aka ce shi ne. Kowane zamani yana da zalunci da tsada da fitina, don haka duk mai son ya ce alamomi sun cika a kansa ba zai rasa abin nunawa ba.

Akwai hasashe na gaskiya, kuma ba ya ɓuya. Husufin rana na 29 ga Maris 2006, masana sun faɗi ranarsa da mintinsa da garuruwan da duhu zai rufe tun da sauran shekaru, kuma haka aka yi. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ta faɗi lokacin da take sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Takan yi kuskure, amma manomin Dukku zai iya riƙe takardar ya ce ga abin da kuka ce, ga abin da ya faru. Lissafi ne a kan abin da Allah Ya tsara, ba da'awar sanin gaibu ba. Don haka duk wanda ya ce ya hango maka wani abu, tambaye shi: wa, a ina, wace rana? In bai faru ba, zai yarda ya yi ƙarya? Rubuta amsarsa da kwanan wata, ka ajiye. Za ka ga ya fara kame-kame, ko ya ce ba ka da imani.

Gara ma kada ƙafarka ta kai gidan mai duba. Ƙarshen Suratu Luƙman ya rufe ƙofar sanin gobe ga kowane rai, hadisin Muslim kuma ya nuna mai zuwa tambayar ɗan duba yana asarar sallar kwana 40. Istihara raka'a biyu ce da addu'a, kai za ka yi da kanka, ba a sayenta, sai ka haɗa da shawarar manya. In kuwa ciwo ne, 'yata, kan mahaifinki na sarawa, ƙafa na kumbura, aka ce jifa ne a kawo baƙin bunsuru, ki riƙe kuɗin bunsurun. Ki yi masa addu'a, ki sa shi a Keke Napep zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya, a auna jininsa da sukarinsa tun yau.