Wanda Ke Tsaye a Gefen Labari

A Farin Gada, cikin Jos, yaro kan jera 'yan tsanarsa na roba a bakin taga. Sau da yawa wadda ya fi ji da ita ba ta jarumin fim ba ce, ta mataimakinsa ce. Wannan hali kuwa ba na yara kaɗai ba ne. A fim ɗin Star Wars na Amurka wanda ya fito a 1980 akwai wani mai suna Boba Fett, fuskarsa a rufe, maganarsa 'yar kaɗan. Duk da haka a 2024 aka sayar da wata 'yar tsanarsa, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, a kan fiye da dala miliyan 1. A gida ma, tatsuniyar Gizo ba ta yin armashi in babu Ƙoƙi.

Me ke jawo wannan ƙauna? Shi jarumi an gama ba da labarinsa. Na gefe kuwa an bar masa gurbi, mai kallo ne ke cika shi da tunaninsa. Ban da haka, yawancin mutane sun sani ba su ne jarumai a wurin aiki ba, saboda haka a jikin mataimaki suke ganin kansu.

Sai dai 'yar tsana ba ta jin yunwa, ba ta roƙon kome, ƙaunarta ba ta da wuya. Kasuwar kayan gwari ta Farin Gada kuwa cike take da mutanen gefe masu rai: ɗan dako mai sauke kwandunan tumatir tun asuba, tsohuwa mai kasa karas da kabeji, yaron mota. Ba dominsu ba, da tukwane da yawa ba su ga miya ba. Amma mai saye kan yi shekaru yana ɗora wa ɗan dako kaya, yana ja-in-ja da shi a kan naira 100, bai taɓa tambayar sunansa ba.

Tara 'yan tsana ba laifi ba ne. Laifin shi ne zuciya ta iya lura da ƙarami a cikin almara, ta makance masa a bakin hanya. Yaron da ya haddace sunayen 'yan tsanarsa duka, ya kamata iyaye su tambaye shi sunan mai gadin makarantarsu. In bai sani ba, kafin su tsawata masa, su tambayi kansu sunan wanda ya ɗauko musu kaya ranar Asabar.