Ihtiyarin Yaro a Gaban Littafi

Tun zamanin da malaman tauhidi suka fara jayayya a Basra da Bagadaza a kan ayyukan bayi, ba a taɓa rufe wannan mas'ala ba, wato shin mutum mai zaɓi ne cikin abin da yake aikatawa, ko kuwa tilas ce take jan sa. Jabariyya suka kore masa zaɓi ɗungum, Mu'utazilawa suka wuce iyaka har suka ce shi yake halittar ayyukansa, shi kuwa Imam Ash'ari, wanda ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 324 bayan Hijira, sai ya bi tsakani, ya ce Allah ne Mahaliccin aiki, amma bawa yana da kasabi, wato ɗaukar aikin ya zama nasa, kuma a kan wannan kasabin ne ake ba shi lada ko a kama shi da laifi. Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa wannan zurfafan magana da ɗan aji biyu na firamare wanda ko hancinsa bai iya sharewa ba. To, haɗin kuwa shi ne, duk malamin da ya tsaya gaban yara da littafi a hannu, ya sani ko bai sani ba, akwai mazhabar da yake bi a wannan mas'ala, kuma galibinmu, in za a faɗi gaskiya, Jabariyya ne a cikin aji.

Hujjar masu hana yaro zaɓin littafin da zai karanta ba ta da rauni kamar yadda 'yan zamani suke zato. Suna cewa yaro ba mukallafi ba ne, alƙalami bai hau kansa ba sai ya balaga, kuma wanda shari'a ba ta yarda ya sayar da akuyarsa ba tare da izinin waliyyinsa ba, yaya za a danƙa masa zaɓin abin da zai shiga zuciyarsa? Suna ƙarawa da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ilimi hawa-hawa ne: a makarantar allo babu almajirin da ake tambaya ko yana sha'awar farawa da babbaƙu ko da farfaru, domin wanda bai san baƙi ba, wasali ba zai amfane shi da komai ba. Wannan duk gaskiya ne, kuma ban ga mai hankalin da zai ce a bar yaro ya zaɓi waɗanne haruffa zai koya ba.

Sai dai fa iya haɗa baƙi daban, son karatu kuma daban. Na farko ana iya cusa shi da bulala, an ma daɗe ana yi; na biyu kuwa aikin zuciya ne, ɗan'uwan niyya, ita kuwa niyya babu sarkin da ya taɓa tilasta ta. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a shekarar 1377, ya keɓe fasali guda a kan cutarwar da tsanani yake yi wa masu neman ilimi, inda ya bayyana cewa yaron da aka rena da ƙuntatawa yakan rasa nishaɗi, ya koyi kasala da ƙarya da yaudara, saboda ya saba nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannun da ke bisa kansa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro riƙe da littafi, leɓunansa suna motsi, idonsa kuwa yana kan taga, ya ga tafsirin wannan magana da idonsa. Su ma fuƙaha'u ba su ɗauki yaro tamkar dutse ba har ranar balaga. Sun san akwai shekarun tamyizi, wajen bakwai, har Shafi'awa suka tafi a kan cewa idan iyaye suka rabu, yaron da ya kai wannan matsayi a ba shi zaɓi tsakanin uwa da uba. Mu Malikawa ba mu bi su a wannan hukunci ba, amma abin lura ne cewa an sami manyan malamai da suka amince wa ɗan shekara bakwai ya zaɓi gidan da zai zauna, alhali mu muna jin nauyin barinsa ya zaɓi tsakanin labarin gizo da labarin jirgin ƙasa.

A ƙasar Amurka, inda masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna bincike a kan wannan batu, an yi wani gwaji da ya kamata mu tsaya a kansa, domin ya zo da abin da masanan da yawa ba su saba ji ba. A shekarar 1999 Sheena Iyengar da Mark Lepper suka buga sakamakon aikin da suka yi da yara 'yan shekara bakwai zuwa tara a birnin San Faransisko, inda aka ba su wasan tsara kalma daga hargitsattsun haruffa. Wasu aka bar su suka zaɓi rukunin da suke so, wasu mai gwajin ya zaɓar musu, wasu kuma aka gaya musu uwarsu ce ta zaɓa. 'Ya'yan Turawa suka fi ƙwazo sa'ad da suka zaɓa da kansu; amma 'ya'yan waɗanda asalinsu daga Sin da Japan ne, ƙwazonsu ya fi yawa sa'ad da suka ji zaɓin uwa ne. Abin da dukansu suka yi tarayya a kansa shi ne, himmarsu ta yi sanyi sa'ad da baƙon da ba su sani ba ya yanke musu. A fahimtata, wannan yana nuna cewa abin da yaro yake bukata shi ne ya ji aikin nasa ne, ko dai don shi ya miƙa hannu ya ɗauka, ko kuwa don wanda ya zaɓa masa mutum ne da zuciyarsa ta riga ta sallama masa. Wannan kuwa shi ne kasabin da muka faro da shi, an sauko da shi daga littattafan aƙida zuwa bencin aji.

Saboda haka malamin da ya ba da zaɓi bai sauka daga kujerarsa ba, ya dai matsar da ikonsa ne zuwa wurin da ya fi amfani. Shi ne zai tace abin da zai shiga kwalin littattafan da ke kusurwar aji, ya fitar da abin da ya saɓa wa tarbiyya da abin da ya fi ƙarfin yaran, sa'an nan ya baje biyar ko shida a kan tabarma, ba hamsin ba, don yawan zaɓi ma yakan ruɗa babba balle yaro. Sai ka ga wani ya zo ya tsuguna, ya ɗaga wannan ya duba bango, ya ajiye, ya buɗe wancan ya ƙirga hotuna, can ya ga mai zanen babbar mota ɗauke da buhuna, ya rungume shi ya koma wurinsa yana waiwaye kada a ƙwace, in ya ci karo da kalmar da ta gagare shi, shi da kansa zai taso ya ce, "Malam, wannan fa?" Tambayar da jiya da sanda ma ba a samu ba.

Tarihin adabinmu ma shaida ne. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a shekarar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, damuwarsa ita ce an koya wa mutane boko amma ba su da abin da za su karanta don jin daɗi. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta don makarantu, bai rayu har yau saboda yana cikin manhaja ba kawai. Ya rayu ne domin yara sun riƙa ɗaukarsa bayan an tashi, suna tsallake wannan labari su koma wancan. Haka kuma littattafan da suka cika kasuwannin Kano tun daga shekarun 1980, duk da sukar da suka sha, wadda wata ta dace wata kuma ta yi yawa, mata da yawa sun ƙware a karatun Hausa ta dalilinsu, ba tare da wani malami ya ba su aikin gida ba.

Akwai wata matsala da malamai suke yawan kawowa, ita ce ta yaron da aka ba zaɓi, ya kuma nace wa littafi ɗaya, kullum shi, har bangon ya yage. Ra'ayina a ƙyale shi tukuna, domin maimaici ba baƙon abu ba ne a wurin al'ummar da ta san tilawa, kuma da shi harshe yake saki. Abin da ya rage wa malam shi ne ya lura da abin da ya ja yaron, in mota ce ya nemo wani mai jirgi ko keke wanda ya ɗan fi wancan wuya, ya ajiye shi kusa da na farkon a kan tabarma, kada ya ce masa komai.