Jakin da ba shi da baya

Baffa bai fara da halal ko haram ba. Hannu ya miƙa ya zagaya bayan kwamfutar, ya shafa murfinta, sannan ya ce, "To, ina bayan jakin yake?"

A zaurensa ne, nan Illo, bayan La'asar. Wata huɗu ke nan ina fama da Blender, manhajar ƙera siffofi masu tsawo da faɗi da kauri, wadda wani ɗan Holan mai suna Ton Roosendaal ya ƙirƙira, aka sake ta kyauta ga kowa tun 2002. Kyautar ce ta ja ni. Darussan kuwa cikin dare nake sauke su a waya, in sabis ya ga dama. A bakin iyakar nan sai wayarka ta tsallaka Benin, kai ko hanyar Segbana ba ka kama ba.

Da kwale-kwale na soma, irin na masuntanmu a kogin Kwara. Ka ajiye shi a hagu ka kafa alama, ka matsa gaba daƙiƙa goma ka ajiye shi a dama ka kafa wata, na'ura ta cike tsakani. Hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, wato 240 ke nan, kuma sai tsohuwar kwamfutata ta kwana tana huci kafin ta fitar da su. Duk wannan bai dame ni ba. Tun muna makarantar zaure muka ji labarin mai sana'ar zane da ya je wurin Ibn Abbas, ya ba shi shawarar ya tsaya kan itatuwa da abin da ba shi da rai. Jirgi da ruwa ba su da rai. Jakin da na koma ƙerawa kuwa yana da shi.

Abin da ya kai ni wurin Baffa shi ne maganar inuwa. A wurin malamanmu na Malikiyya, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, cikakkiyar gaɓoɓi, mai inuwa, wato wadda ke tsaye da jikinta kamar gunki. Ta kan takarda ko bango hukuncinta ya fi sauƙi. To jakina ana juya shi ta kowane ɓangare, kuma ni da hannuna na rataya masa rana, inuwarsa ta kwanta a ƙasa.

"Inuwar ta sauka kan tabarmar nan?" in ji Baffa.

"A'a, Baffa."

"To ita ma zane ce, ɗana. Amma akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kada ka raina su."

Na fito da amsa, zuciyata ba ta kwanta ba. Hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna za a nemi masu sura su raya abin da suka ƙera, ba kuwa za su iya ba. Ni kuma aikina ke nan: in sa matacce ya yi kama da mai rai. Sunan da Turawa suka ba sana'ar ma daga kalmar Latin ya samo asali, mai nufin rai ko numfashi.

Sai tafiyar jakin ta koya mini abin da ban je nema ba. Na dasa masa ƙashi, na ɗaure kowace gaɓa, na yi mako uku ina jera ƙafafu huɗu, amma kofatonsa sulɓewa yake kamar mai taka laka a fadamar shinkafa. Na koma bakin kasuwa na tsuguna ina kallon jakunan masu albasa, har wani ya tambaye ni ko saye zan yi. A nan na ga kai yana sunkuyawa da kowane taku, na ga fatar kafaɗa tana karkarwa ita kaɗai in ƙuda ya sauka. Shekara ashirin da bakwai ina wuce jaki, ban taɓa ganinsa ba. Wanda ya sha wannan wahala, da wuya ya ɗauki kansa abokin gasar Mahalicci.

Sai dai ba zan wanke kaina tas ba. Daren da jakin ya fara ɗaga kai daidai, ya juyo kamar ya ji motsina, wani abu ya taso mini a ƙirji yana cewa ni na yi shi. A ganina nan haɗarin yake, ba a inuwa ba, kuma babu littafin fiƙihun da zai auna mini shi. Shi ya sa har yau ban ƙera fuskar mutum ba, ko da yake ita ce masu neman tallar kayansu suka fi tambaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce na sake kai wa Baffa. Ya sa tabarau, ya ce in maimaita, na maimaita sau uku. Ya daɗe bai yi magana ba.

"Kunnensa na hagu ba ya motsi," ya ce. "Jaki ba ya barin kunne haka."